Labarin da Ba Ya Dawowa Daga Rugu

A watan Mayun 2019, mutanen Batsari suka ɗauko gawarwakin mutum 18 da 'yan bindiga suka kashe a 'Yargamji, suka kai su har fadar Sarkin Katsina. Mutuwa ba abin ɓoyo ba ce a ƙasar Hausa: ana sanar da ita, a yi jana'iza, a zauna karɓar gaisuwa.

Wanda ya dawo da ransa daga dajin Rugu, shi ne ba a shimfiɗa wa irin wannan tabarma. Za a yi masa barka da arziki, a tambayi nawa aka biya, shi ke nan. Magidanci ba ya iya buɗa baki ya ce yaron da bai kai ɗansa ba ne ya ɗaure shi ya zane shi. Mace kuwa, sau da yawa uwarta ce ke fara toshe mata baki, kuma ba don ƙiyayya ba: tana hango aure, da bakin kishiya, da gorin da zai bi jikoki.

Akwai kuma abin da ya fi kunya nauyi. A ƙauyukan Safana da Batsari kowa na tsoron infoma, domin maganar da aka yi a tsakar gida tana iya kwana a daji. Bayan sulhun 2025, mutum na iya cin kasuwa ɗaya da wanda ya tsare shi. Mai kiran wannan shiru ragwanci bai taɓa kwana a can ba.

Sai dai shirun na yin tasa ɓarnar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe ba ya aiki sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma kwana ukun nan kan ƙare ana shawarar yadda za a rufa asiri. Rashin barci da firgita su biyo baya, a ce iska ce.

Ba da wa'azin jarumta ake karya wannan tsoro ba, kuma ba a gaban makirufo ba, ko da 'yan jarida sun fi son haka. Yakan fara sassautawa ne idan aka sami kunne guda da ba ya yoyo: ungozoma, ko ma'aikaciyar asibiti da ta iya rufe ƙofa, ko wata da ita ma aka taɓa tafiya da ita. Malamin gari ma yana da rawar takawa, idan ya faɗa a kan mumbari abin da shari'a ta riga ta tabbatar, cewa wadda aka tilasta wa ba ta da laifi. Labarin ba ya fitowa gaba ɗaya. Yau a faɗi yunwar da aka sha, wani makon a faɗi tafiyar ƙafa cikin dare, a tsaya a ga ko maganar za ta zaga gari. In ba ta zaga ba, sai sauran ya biyo.