Gidan Maggie a Birnin Edinbura

'Yan'uwana mata, yau zan kai ku Edinbura, babban birnin Sikotland, can arewa da Ingila, ƙasar sanyi da yayyafi. A harabar wani babban asibiti mai suna Western General akwai ɗan ginin dutse wanda dā bargar dawaki ne. Yanzu ana ce da shi Gidan Maggie.

Ita Maggie Keswick Jencks gwanar tsara lambu ce. Cikin 1993 likita ya gaya mata ciwon dajin nononta ya komo, saura mata wata biyu ko uku. Da ta fito sai ta zauna cikin wani soro marar taga. Ashe da sauran kwana. Ta yi amfani da su ta tsara gidan da mai wannan ciwo zai shiga ya huta. Ta rasu cikin 1995, aka buɗe gidan cikin 1996.

In kin shiga ba za ki ga teburin akawu ba, ba kuwa mai farin kaya. Abin da zai tare ki babban teburin kicin ne da butar shayi, ba a kuwa karɓar ko kwabo. Akwai ranar zane da fenti, akwai ta rubutu, wadda ta zo da zarenta kuma ta zauna ta yi saƙarta.

Kada ku ce wasan yara ne. Maganin wannan ciwo yana kayar da jiki, ya zubar da gashi, ga zulumin jiran sakamakon gwaji. Mace ta wayi gari kome sai an yi mata. To, sa'ad da ta zaɓi launi da kanta, ta ga abu ya fito daga hannunta, ai ta koma mai yi. Kuma maganar da ta yi nauyi a gaban miji ko 'ya'ya takan fito da sauƙi in idanu suna kan aiki. Ku da kuke zaman ɗinkin hula tsakar gida kun san haka.

Fenti ba ya warkad da ciwon daji, mutanen gidan ma ba su ce yana yi ba. In lokacin ganin likita ya yi, sai ta ajiye burushi, ta wanke hannu, ta tsallaka asibiti.