Tsohuwar Land Rover a Sandamu

Rairayin hanyoyin ƙauyukan Sandamu, a masarautar Daura, shi ya hana tsohuwar Land Rover ritaya. Amma duk ranar da tiyon kulocinta ya tsage, mai ya tsiyaye, sai giya ta ƙi shiga, kasuwa ta watse buhunan gero suna hanya.

Canza tiyon ba wuya. Wahalar tana wajen fitar da iska. Yaron bakanike yana taka kuloci, oga yana ƙarƙashin mota da sifana, yana sassauta noti yana ɗaurewa: "Taka! Riƙe!" Haka za su yi ta yi, suna ƙara man birki, har kumfa ta daina fitowa.

Ɗaliban kimiyya, ku lura: iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. In kumfa ta rage a tiyo, ƙarfin ƙafar direba a kanta zai ƙare, bai kai ga kuloci ba.