Baƙi da Baki a Hanyar Rumbu

Shekara uku wata malama da ɗalibanta suka yi suna tattara karin magana daga bakin tsofaffi a ƙauyukan Katsina. Da manhajar waya suke shigarwa, ita kuma ta aika ta intanet zuwa rumbun bayanai na MySQL da ke kan wata sabar a Jamus.

Kafin manhaja ta samu shiga, sai ta san adireshin sabar da lambar ƙofa, galibi 3306, ta kuma gabatar da suna da kalmar sirri. In aka kuskure ɗaya, ƙofa ba ta buɗuwa, nan take an gane. Amma akwai sharaɗin da kuskurensa shiru ne, wato tsarin haruffan da ɓangarorin biyu za su yi magana da shi. An bar mahaɗar a kan latin1, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne, sai rumbun ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, "baƙi" ya zama "baÆ™i".

Wannan ɓarna mai gyaruwa ce, domin bayit ɗin suna nan. Sai dai wani ɗalibi, da kyakkyawar niyya, ya bi ya share tarkacen da hannu, ya bar "baki". Layi guda ya isa a mayar da mahaɗar utf8mb4. Tantance ƙafa da kafa kuwa, sai da malamar ta koma sauraron muryoyin da aka naɗa, ciki har da na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya.