Daren Da "A'a" Ta Hana Ni Barci

'Yan'uwa ɗalibai, bari in ba ku labarin daren da kalmar "a'a" ta kusa jawo mini faɗuwa.

A shekarata ta farko a fannin kwamfuta, malaminmu ya ba mu aiki da harshen Java: mu tsara 'yar manhaja wadda za ta yi tambaya, a amsa mata da "i" ko "a'a". Maki ashirin ne, kuma gari na wayewa za a karɓa. Na ce wannan ai shan ruwa ne.

Na gama, na buga "a'a", kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Na sake, haka. Tun ina dariya har gumi ya karyo mini.

Wajen sha biyun dare wani ɗan ajinmu ya leƙo, ya ce, "Malam, ai alamar == da ka sa ba haruffa take dubawa ba. Tambayarta ita ce ko kalmomin biyu a ma'aji ɗaya suke zaune. Sa equals, ita ke bin su harafi-harafi." Na gyara, na yi godiya, ya tafi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da dabara ta ƙare, sai na sa kwamfuta ta nuna mini lambar kowane harafi, domin ita lambobi ta sani: babban A 65 ne, ƙaramin kuwa 97. Nan asiri ya tonu. 'Yar alamar da ke tsakanin a da a, wadda nake bugawa da hannu, miƙaƙƙiya ce, lambarta 39. Wadda ke cikin manhajar kuwa, na kwafo ta ne daga takardar da na buga da rana, an lanƙwasa mata wutsiya, lambarta 8217. A idona tagwaye ne, a wurin kwamfuta ko dangi ba su haɗa ba. Lalle kama da wane ba ta wane.

Ana kiran assalatu na kammala. Abin da ya fi damuna shi ne, awa shida ina zagin na'ura, alhali ita ce mai gaskiya. Tun daga ranar, in aiki ya ƙi, nakan fara tuhumar idona tukuna.

Masu rubutu da Hausa, mu da muke da 'ya'ya da ma'ana da sa'a, sai mu yi hattara.