Kolektar mai ƙyalli da albashin ma'aikaci

Akwai wani kaya da ya fara shiga bakin ƴan piyas a ƴan shekarun nan, daga Yamai har Maraɗi da Damagaram. Bututu ne huɗu na farin ƙarfe, a murɗe kamar hanjin rago, suna ƙyalli kamar kwanon amarya. In babu shi a rumfa, mai kanti zai ciro salula ya nuna maka hotonsa, ya ce cikin makwanni kaɗan za a kawo maka daga Dubai ko daga Sin. Zai ƙara da cewa in ka ɗaura shi motarka za ta ƙara ƙarfi, ta rage shan isansi, ta yi kuka irin na motocin tsere. Mutumin da kolektar ɗinsa ya tsage, kuma wata ya yi nisa, yana da saurin jin irin wannan magana. Saboda shi nake wannan rubutu.

Abin da makanisiye ke kira kolektar shi ne matattarar hayaƙi, wato ƙarfen nan da ke manne a gefen kulas, wanda yake karɓar hayaƙin kowace silinda ya haɗa shi wuri guda, ya miƙa wa dogon bututun da ke bi ta ƙarƙashin mota har baya. Na asali, wanda masana'anta ke sawa a yawancin tsofaffin motoci, na ƙarfen zubi ne: baƙi, mai nauyi, mai kauri, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Aikinsa kuwa cikin wuta yake, domin hayaƙin da ke fitowa daga injin isansi yakan kai zafin digiri 700 zuwa 800 in mota tana jan kaya. Kullum ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, shekara da shekaru, har wata rana ya tsage. Alamar kowa ya san ta: da safe in an tada inji sai ka ji “tas-tas-tas” daga gaba, bayan minti kaɗan, da ƙarfe ya ɗumama, sai ƙarar ta lafa.

Shi kuwa mai ƙyallin nan ba ƙarya ba ne daga tushe, kuma ba zan zalunce shi ba. Asalinsa wajen masu tseren mota ne, kuma ya yaɗu ƙwarai a Amurka, musamman a Kalifoniya, cikin shekarun 1950 da 1960, lokacin da samari ke gyaran manyan injuna masu silinda 8 kuma mai yana da araha. Hikimarsa ita ce: hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, a dunƙule yake fita, bugu bayan bugu, kuma kowane dunƙule in ya wuce da gudu yakan bar ɗan ja a bayansa. In aka ba kowace silinda bututunta, tsawonsu ɗaya, faɗinsu daidai, sai jan da wannan ya bari ya taimaki na bayansa fita, silinda ta wofinta sosai, ta samu wurin sabuwar iska da mai. A injin silinda 4, inda wuta ke bi 1, 3, 4, 2, akan yi shi iri biyu. Ko dai huɗun su haɗu lokaci guda, wanda amfaninsa ba ya bayyana sai inji yana gudun ƙarshe. Ko a haɗa ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, sa'an nan biyun su zama ɗaya, wanda ya fi ba da ƙarfin ja a matsakaicin gudu. Mai tuƙi tsakanin Dakwaro da Maraɗi da buhunan hatsi a baya, in har dole ne, na biyun ne nasa.

To amma wannan hikima lissafi ce, da awo, da gwaji. Bututun da ya yi faɗi da yawa rage gudun hayaƙi yake yi, sai mota ta yi sanyin tashi. Kuma ko an yi lissafin daidai, abin da ƙaramin injin Corolla zai ƙaru da shi, in ba a taɓa komai ba sai kolektar, kaɗan ne ƙwarai. Kunne ne ke jin bambanci, ba ƙafa ba. Na sha ganin mutum ya taka mota ta yi ruri, ya juyo yana murmushi wai ta ƙara doki. Kuka ta ƙara.

Mu ma'aikata da ƴan kasuwa mun daɗe da koyon zama da piyas na hannu. Tun ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabon kaya na asali ya fi ƙarfin albashi. Masu Peugeot 504 sun samu sauƙi, domin a lokacin ana harhaɗa ta a Kaduna, kayanta kuma na ta kwararowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Daga baya Toyota ta cika ƙasa, kayanta na zuwa ta tashar Kwatano. Kuma da aka rufe gadar Gaya bayan Yuli 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, kowa ya ji a aljihunsa. Saboda haka mai tsagaggen kolektar abu uku ne a gabansa: ya kai a yi masa walda, ya nemi na asali na hannu, ko ya sayi sabon bututu mai araha.

Walda ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ita ce aka fi ɓatawa. Ƙarfen zubi ba ya son gaggawa. Sai an ciro shi daga mota, a huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gasa shi gaba ɗaya, a yi aiki da sandar walda ta nikel kaɗan-kaɗan, sa'an nan a binne shi cikin rairayi mai ɗumi ya huce a hankali. Rairayi dai ba mu rasa shi ba. Mai waldar da ya ce zai liƙe maka a jikin mota da sandar da yake yin ƙofa da taga, kafin ka gama shan shayi, tsagar za ta dawo kusa da wurin da ya liƙe.

Game da sabon bututu mai araha, abin da nake roƙon mai saye shi ne ya kawar da idonsa daga ƙyalli ya dubi farantin da ke mannewa da kulas. A nan magana take. Farantin kirki yana da kaurin wajen milimita 10, kuma in ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa ka ɗaga sama, haske ba zai ratsa tsakani ba. Siriri kuwa, da ya sha wuta sau kaɗan sai ya lanƙwashe, ya ci juwan, hayaƙi ya samu hanya. A canza juwan sau uku, sau uku zai ƙone. Sa yatsa cikin bakin kowane bututu: in ka ji tsiron walda ya toshe hanya, wanda ya yi shi bai damu da hayaƙi ba. In an ce maka inoks ne, kai mayen ƙarfe kusa. Inoks mai lamba 304 ba ya kama shi sosai. Mai lamba 409 yana kamawa, yana yin ja-ja a fuska amma yana jure zafi. Baƙin ƙarfen da aka shafa wa ƙyalli shi ma yana kamawa, sai dai shi ɓarewa yake yi ya yi tsatsa. Mai kantin da ya ɓata rai don ka fito da mayen ƙarfe, ka gode masa ka wuce rumfa ta gaba.

Akwai kuma abin da mai hoton salula ba ya faɗa, watakila don bai taɓa tuƙi a watan Afrilu tsakanin Tawa da Abalak ba. Siririn bututu yana watsa zafi cikin ɗakin inji fiye da ƙarfen zubi, kuma garkuwar zafi ta asali sau da yawa ba ta hawa kansa. A ƙasar da rana kan wuce digiri 45, wayoyin wuta da robobi da ke maƙwabtaka da shi su ne za su biya. Ga hanyar laterit mai tsani, wadda ke girgiza mota tun daga haƙori har ƙashin baya: in babu gaɓa mai lanƙwasa tsakanin kolektar da dogon bututu, walda ce za ta ɗauki girgizar, kuma ba za ta daɗe tana ɗauka ba.

Motocin da suka biyo bayan zamanin karbirata suna da wani sha'ani. A jikin bututun akwai sonda mai auna iskar da ta rage cikin hayaƙi, tana gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta zuba. In akwai yoyo kafin sondar, iska ta waje na shiga, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara. Ga wanda ya sayi kaya don rage shan isansi ya koma yana zuba ƙari. A motoci da yawa kuma katalizar a haɗe yake da kolektar, kuma cikinsa akwai ma'adinai masu tsada, platin da paladiyom da rodiyom. Shi ya sa wani zai yi ta zuga ka ka cire “wannan tsohon kaya mai shaƙe mota”, ya kuma yi maka alherin ɗauke shi daga gabanka kyauta. In an cire naka, ka tambayi ina za shi.

Duk wannan maganar kuɗi ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ya wuce kuɗi. Wata shekara cikin hunturu na bi wani abokin aiki da iyalinsa daga Maraɗi zuwa Ƙonni, a motarsa da aka sa wa irin wannan bututu ba da daɗewa ba. Saboda ƙura aka rufe gilashi duka. Kafin mu kai Madawa, yaran biyu da ke baya sun yi shiru, ƙaramar ta yi amai, uwarsu na kukan ciwon kai, ni ma kaina ya yi nauyi. Uban ya ce rashin karin kumallo ne. Na ce: “Malam, don Allah mu tsaya mu buɗe.” Muka sha iska a gindin wani gawo, muka ƙarasa tafiyar gilashi a buɗe, ƙura ta yi mana fari fat. Da makanisiye ya duba a Ƙonni, baƙin tozali ya zagaye bakin silinda ta 2, faranti ya ɗaga. Iskar gubar nan da ake kira monoksid ɗin karbon ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Barci take fara sa wa mutum, kuma direba ma mutum ne.

Don haka ni, in kuɗina ƙididdigaggu ne, na asali na hannu nake nema, irin wanda aka ciro daga injin da lambarsa ta yi daidai da tawa. Ina sa a wanke shi, in duba tsakanin ƙafafuwansa da tocila, in rataye shi in ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amsawa da ƙara, tsagagge kuwa muryarsa a dishe take. Abin da ya rage na kuɗin ba na mayar da shi aljihu. Ina sayen sabon juwan mai kyau, da sababbin noti, kuma ina biyan makanisiye ladan haƙuri, ya jiƙa tsofaffin ƙusoshin da mai tun daren jiya, domin guda ɗaya in ta karye cikin kulas, ciro ta na iya cin abin da ya fi kuɗin kolektar ɗin. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, a tada inji da sanyin safiya a saurara, bayan mako guda kuma in koma garaji a sake bin notin da sifana.