Gadon jinjiri a gefen gadon uwa: abin da maigida zai auna kafin ya biya

Idan haihuwa ta gabato, lissafin maigida sananne ne: ragon suna, goro da dabino, itacen wankan jego, turmin atamfar fitar suna. Makwancin jariri kuwa shi ake tunawa a ƙarshe, sau da yawa ma sai an dawo daga gidan haihuwa, alhali kuwa sabon jinjiri yana barcin sa'o'i 14 zuwa 17 a yini da dare. Wurin da zai shafe mafi yawan watanninsa na farko ya cancanci tunani fiye da wanda muke ba shi.

Na tashi a gidan liman a Maraɗi, kuma wanda ya tashi a irin wannan gida yakan ga abin da sauran yara ba su cika gani ba. Ba sau ɗaya ba, bayan sallar asuba, an yi sallama da mahaifinmu domin jana'izar jaririn da ya kwanta lafiya lau, gari ya waye babu shi. Abin da ake faɗa a zaure gajere ne: an danne shi cikin barci, ko kuwa kwanansa ne ya ƙare. Malaman fikihu tun na da sun tattauna mas'alar uwar da ta juya kan ɗanta tana barci, abin da ke nuna cewa matsalar tsohuwa ce. Likitoci kuma sun bayyana cewa da yawa daga cikin irin wannan mutuwa ba danniya ba ce, akwai wadda suke kira mutuwar fuju'a ta jarirai, wadda ta fi aukuwa tsakanin wata 2 da wata 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata kafin wata 6 ne. Saboda haka ban ɗauki alƙalami domin a zargi wata uwa ba. Ajali na Allah ne, riƙon sababi kuma aikinmu ne.

Sababin ya tabbata a aikace. A shekarar 1994 aka ƙaddamar da gangamin kwantar da jarirai a rigingine a Amurka da Faransa, kuma cikin shekarun da suka biyo baya irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasashen biyu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2022, ta nanata cewa jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6 na farko, amma a kan shimfiɗarsa ta kansa. Daga wannan tunani ne aka samu ƙaramin gadon da ake jinginawa da gadon uwa, wanda masu Faransanci ke kira cododo: uwa na miƙa hannu ta taɓa ɗanta, ta ɗauke shi ta shayar, ta mayar da shi ba tare da ta sauko ba.

Lokacin da maiɗakina take da cikin ɗanmu na fari, na zagaya kasuwa da ma'aunin tela a aljihu. Na tarar da iri uku: sabo na cikin kwali, na gwanjo da ke shigowa ta tashar Kwatano ko Lome, da wanda kafinta zai ƙera. Masu sayarwa suna yabon launi da labule da taya. Abubuwan da na je aunawa ba su cikin abin da suke yabo.

Na farko, shimfiɗa ta zama miƙaƙƙiya, mai tauri. A danna katifar da tafin hannu. Idan hannu ya lume ya bar gurbi, fuskar jariri ma za ta lume. Gangaren da ya wuce digiri 10 kuma haɗari ne, domin kan jinjiri ya fi ƙarfin wuyansa, sai haɓa ta faɗo kan ƙirji hanyar numfashi ta matse. A watan Afrilun 2019 aka janye wani makwanci mai gangare na kamfanin Fisher-Price, mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30, kuma a 2022 Amurka ta haramta sayar da irinsa baki ɗaya, tare da tumfafiyar katifun da ake ɗaurawa a jikin sandunan gado. Abin lura a nan shi ne, kayan da aka kora daga kantunan can ba ƙonewa suke yi duka ba, kuma kasuwar gwanjo ba ta tambayar tarihin kaya.

Na biyu, kada a bar kafa ko ɗaya da jiki zai shige. Tazarar sandunan gado a ma'aunin Turai tana tsakanin santimita 4.5 da 6.5, idan ta fi haka, jikin jariri na iya zurarewa kansa ya maƙale. Tsakanin katifa da katako kada ya ɗauki fiye da yatsa biyu. Wurin da ya fi kowane haɗari a wannan irin gado shi ne mahaɗarsa da gadon uwa. Dole a ɗaure su da maɗauri mai ƙarfi har ya zama ko an tura da gwiwa ba ya matsawa. Ma'aunin Turai mai lamba EN 1130, a gyaransa na 2019, ya wajabta cewa ko an sauke gefen da ke fuskantar uwa, shinge na aƙalla santimita 12 ya rage a tsaye, kuma kada wannan shinge ya ɗara saman katifar uwa. Gadon gwanjo sau da yawa yakan zo babu maɗaurin, babu takardar bayani, wani ƙusa ya ɓace an toshe da waya. A ƙarshe kafinta na zaɓa. Na kai masa awon tsayin gadonmu, na rubuta masa tazarar sanduna a takarda, na roƙe shi ya goge katakon sumul, ya bar shi babu fenti, domin wasu fenti na ɗauke da dalma, jariri kuwa komai baki yake kaiwa.

Na uku, gado ya kasance wayam. Wannan ya fi wuya, domin ranar barka da ranar suna ƴan'uwa na zuwa da matashin kai ƙanana, da bargo mai gashi, da ƴartsana mai laushi, kuma kowa na son ya ga kyautarsa a gadon. A karɓa da godiya, a adana har yaro ya shekara. Abin da ake so a ciki zane ɗaya ne da aka ja sosai aka soke ƙarƙashin katifa, sai jaririn a rigingine. Duk wata igiya, ta laya ce a wuya ko ta abin wasa da ke reto, a nisanta ta daga wurin barci.

Sai abin da littattafan Turawa ba su cika magana a kai ba, wato sauro da yanayinmu. Daga damina zuwa kaka, jaririn da ya kwana a wajen sange an fitar da shi daga wani haɗari an saka shi cikin wani. Dalilin da ya sa uwaye da yawa ke ajiye shi a jikinsu ke nan, kuma dalili ne mai ƙarfi. Mu mun nemi babban sange mai magani wanda ya lulluɓe gadajen biyu tare. Wanda zai yi wa jariri nasa daban, ya ɗaure shi a miƙe, nesa da fuska da hannu. A zafin Afrilu da Mayu riga ɗaya marar nauyi ta wadatar. A taɓa bayan wuyansa, in da gumi a rage tufa. A hunturu a ƙara masa riga maimakon bargo, kada a rufe masa kai a cikin ɗaki, kuma kada a kwana da kaskon garwashi ƙofa a rufe, domin gawayi na fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Da gadon ya iso, mahaifiyata ta dube shi ta ce: "Kai ɗan nan, ku bakwai a jikina na raine ku, wanne ne ya tawaya?" Na ce: "Gaskiya ne, Inna, amma ke a kan tabarma da siririyar katifar auduga kika raine mu. Dubi tamu, soso ce mai lumewa, ga matasai har huɗu." Ta danna katifar da hannunta, ta yi shiru. Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne ganin ba a raba ɗa da uwarsa ba, tazararsu ba ta kai kamu biyu ba, kuma shayarwar dare ba ta ragu ba. Shayarwa ita kanta tana cikin abubuwan da ke rage wannan haɗari.

Mai jego mutum ce, barci zai sace ta wani dare tana shayarwa. Don haka a kawar da matasai da manyan barguna daga gefenta tun kafin a kwanta, in ta farka ta mayar da shi gadonsa. Kujerar falo ita ce mafi munin wurin da barci zai kama uwa da jariri a hannu. Haɗa shimfiɗa ya fi haɗari ga jaririn da bai kai wata 4 ba, da bakwaini, da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, da kuma inda ɗaya daga cikin iyaye ke shan taba ko maganin da ke sa barci.

Wanda ba shi da halin sayen gado kada ya karaya. Tun 1938 ƙasar Finlan ke raba wa masu jego kwalin kayan jarirai, kuma iyaye da yawa a can a cikin kwalin suke kwantar da ƴaƴansu. Kwando mai faɗin gindi da tauri, da siririyar shimfiɗa daidai shi, a ajiye a ƙasa kusa da uwa cikin sange, ya fi gado mai tsada da aka cika da matasai. Da zarar yaro ya fara birkicewa ko yunƙurin zama, wajen wata 5 zuwa 6, ƙaramin gado ko kwando ya gama aikinsa, sai a koma babba mai dogon shinge.

Ya ɗan'uwa maigida, kai ne mai zuwa kasuwa, kai ne mai magana da kafinta. Ka tafi da ma'auni, ka danna katifa, ka girgiza gadon da hannu biyu kafin ka zaro kuɗi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya ba waɗanda suka rasa nasu haƙuri da ladan haƙuri. Amin.