Sanyin mota a kan hanyar Ƙonni: darasi daga masu jirgin ruwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni a watan Afrilu ko Mayu ya san abin da ake kira bazara. Tafiya ce ta fiye da kilomita 400, ta Doso da Dogon Dutsi, a lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Na daɗe ina bin wannan hanya saboda aiki, kuma kukan da na fi ji a bakin matafiya shi ne: "Kilim ɗin motar nan ya mutu." A ganina sau da yawa bai mutu ba, shaƙe shi aka yi.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, na'urar nan ba ta ƙirƙiro sanyi. Aikinta dako ne: ta kwashi zafin da ke ciki ta zubar waje. Haka take tun 1902, shekarar da Willis Carrier ya ƙera ta zamani ta farko a Amurka. Ɗan dako kuwa abu biyu ke gajiyar da shi: yawan kaya da toshewar hanya.

Masu jirgin ruwa sun fi mu gane wannan. A jirgi, famfo ne ke jawo ruwan teku ta cikin matata, ruwan ya ratsa bututun na'urar ya ɗebe zafi, sannan ya zuba ta gefen jirgi. Idan ciyawa ta toshe matatar, ko ruwan ya yi ɗumi, sanyi ya ragu, wani lokaci na'urar ta tsaya da kanta. Shi ya sa ma'aikacin jirgi, kafin ya zargi na'ura, yakan leƙa ya ga ko ruwa na zuba da ƙarfi.

Mu a Ƙonni ba mu da teku. Iska ce ke yi mana aikin da ruwa ke yi musu, ƙura kuma ita ce ciyawarmu. A gaban injin ƙaramar mota akwai wata raga mai kama da saƙar zuma, nan ne zafin ke fita. Motar da ta sha hunturu tana kai da komo tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, ko tana bin bayan manyan motocin siminti na Malbaza, ragarta cike take da ƙura da ƙwari. Na ga wani mai gyara ya wanke irin wannan raga da ruwa a hankali, ya duba fankarta, ya canza matatar iskar ciki, sanyi ya dawo ba tare da an ƙara gas ko kaɗan ba.

Maganar gas ɗin ce ta fi cin kuɗin jama'a. Gas ba esansi ba ne, ba ya ƙonewa. Idan ya ragu, wani wuri ne ke yoyo, kuma ƙara shi ba a toshe wurin ba ɗiban ruwa ne da kwando. Cika shi fiye da kima ma yana rage sanyi, ya wahalar da na'urar. Sannan iri-iri ne. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, masu ƙera motoci sun bar R12 sun koma R134a a shekarun 1990, ba a kuma gauraya su. Da yake motocinmu da yawa sun riga sun tsufa a Turai kafin su iso, ya kamata mai mota ya duba takardar da ke maƙale a ƙarƙashin murfin inji, inda aka rubuta irin gas da nauyinsa.

Saura rage wa ɗan dakon kaya. Motar da aka rufe a rana, cikinta na iya wuce digiri 60. Inuwar dogon yaro da labule a gilashi kyauta ne, ko kusan kyauta. Idan za a tashi, a buɗe tagogi na ƴan mintoci zafin ya fita, sannan a rufe, a danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Mutum kansa murhu ne: a zaune yana fitar da zafin kusan wat 100. Fasinja 70 a babbar mota daidai suke da dutsen guga bakwai a kunne. Direban da ya ƙara mutane a tsakiya ya ƙara wa na'urar lodi ke nan.

Ba maganar jin daɗi kaɗai nake yi ba. Motocin zamani da yawa gilashinsu ba ya buɗuwa, idan sanyi ya ɗauke da tsakar rana, tsofaffi da jarirai da marasa lafiya masu zuwa asibitin Galmi su ne ke fara galabaita. Saboda haka ina kira ga masu motoci su duba na'urarsu tun watan Fabrairu, kafin zafi ya kama. Matafiyi kuma da zai biya kuɗin mota mai sanyi, yana da haƙƙin ya tambaya tun a tasha ko sanyin na aiki, ya kuma riƙe ruwan shansa a hannu.